Ba Kowane Ganganci Ne Rashin Tarbiyya Ba

A Manawashi, kamar sauran unguwannin Gombe, idan magidanci ya yi ta kifewa da babur saboda gudu, ko ya narkar da jarinsa a cacar ƙwallo, ko ya watsar da aiki cikin fushi, hukuncin dattawa ɗaya ne: bai samu tarbiyya ba. Iyayenmu suna da hujjarsu, domin sun ga abin da sakaci da 'yan daban Kalare ya jawo wa garin nan. Amma cikin ladabi nake cewa ba kowa ne hukuncin ya hau kansa ba.

Akwai larurar ƙarancin natsuwa da yawan gaggawa, wadda likitoci ke kira ADHD. Ana ɗauka ta yara ce, alhali tana bin wasu har girma, kimanin mutum 2 zuwa 3 cikin manya 100, kuma gado ne ke da kaso mafi tsoka a cikinta. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya, tarbiyya ɗaya, amma ɗa guda ya fita daban.

Mai ita ya san haɗari sarai. Tambaye shi, zai lissafa maka illar gudu fiye da yadda za ka faɗa masa. Matsalar tana gaban ƙwaƙwalwa, sashen da ke cewa "dakata tukuna", wanda a wurinsa yakan makara. Ga kuma sinadarin dofamin, mai sa mutum ya ji daɗin lada, da ba ya aiki daidai. Jira azaba ne gare shi. Daɗin yanzu sai ya rinjayi asarar gobe, nadama ta biyo baya, kuma nadamar ta gaskiya ce. Wasu ma taramol suke faɗa wa don neman kansu ya lafa, abin da ke ƙara rura wutar.

Da lalacewar hali ce zalla, da magani bai taɓa ta ba. Amma binciken da aka wallafa daga Suwidin a 2014 ya nuna maza masu larurar sun samu raguwar munanan haɗurran hanya da kashi 58 cikin 100 a lokutan da suke shan maganin larurar.

Ba na cewa a ɗauke wa kowa alhakin aikinsa, kuma ba kowane mai ganganci ne ke da ita ba. Alamarta ita ce halin ya faro tun kafin shekara 12, a gida da makaranta duka. Wanda aka san shi haka tun yana makarantar allo, a raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a duba shi.