Titus ne ko kote? Yadda ake gane kifin teku a kasuwa

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Iyaye da kakanni kifin gulbi da na tabki suka sani: tarwaɗa, karfasa, kurungu, gaiwa da giwan ruwa. Ba mai ruɗa masuncin Madarunfa ko na Tabalak a kan waɗannan. Amma a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai wani kifi da ke zuwa cikin kwali, a daskare. Shi ne kifin teku. Da yake baƙo ne, ba shi da sunan Hausa na gado. Kowane mai sayarwa yana kiransa da sunan da ya ji a bakin wanda ya sari kaya gare shi.

Wata rana na aiki yarona ya sayo Titus kilo guda. Da ya dawo, uwargida ta shafa gefen kifin da yatsa, ta ce: "Malam, an karɓi kuɗin Titus, an ba yaro kote." Ni da na yi shekaru ina cin kifin nan, sai ranar na koyi bambancinsu. Iri uku ne suka fi ruɗa mutane, domin girmansu kusan ɗaya ne, kuma ƙanƙara tana ɓoye launi.

Na farko shi ne wanda ƴan Najeriya ke kira Titus. A jikin kwali da Faransanci za ku ga an rubuta maquereau. Bayansa shuɗi ne mai ratsin kore, da zane baƙi mai lanƙwasa kamar an ja shi da alƙalami. Fatarsa sumul take, ɓamɓarokinsa ƙanana ne ƙwarai. Ku duba kusa da wutsiya: akwai ƴan ƙananan fikafikai guda 5 a jere a sama, da wasu 5 a ƙasa. Namansa yana da mai da yawa, ƙayarsa kaɗan ce, kuma galibi ya fi sauran biyun tsada. Shi ma kansa iri biyu ne. Wanda ake kamawa a ruwan sanyi na arewa, wajen Norwe, cikinsa fari ne fat, zanen bayansa ya fito sarai. Wanda ake kamawa a gaɓar Maroko da Muritaniya yana da ɗige-ɗige masu duhu a gefe da ciki, kuma idonsa ya fi girma.

Na biyu shi ne kote, wato chinchard a Faransanci. Alamarsa ba ta ɓuya ko a cikin duhu. Daga kai har wutsiya akwai layin ɓamɓaroki masu tauri a kowane gefe. Layin yana karkatowa ƙasa a tsakiyar jiki, kuma kusa da wutsiya yana da kaifi har ya kan soki yatsa. Shi uwargida ta shafa. Kote yana da manyan idanu da ɗigo baƙi a bakin murfin kunnensa. Bayansa toka-toka ne, ba zane. Ana kama shi da yawa a ruwan Muritaniya da na Namibiya. Kifi ne mai kyau, namansa da ƙarfi, ba ya dagargajewa a miya. A ganina wanda ya ci kote bai yi hasara ba, in dai kuɗin kote ya biya.

Na uku shi ne sardinelle, wanda a Najeriya ake haɗa shi da danginsa a kira su shawa. Fiffike ɗaya tak gare shi a tsakiyar baya, alhali Titus da kote biyu-biyu gare su. Ɓamɓarokinsa manya ne, suna zuba a hannu. Ƙasan cikinsa yana da kaushi kamar bakin zarto. Shi ne mafi araha, amma ƙananan ƙayoyi sun cika namansa. Uwa mai ba ƙaramin yaro wannan kifi ta tsince ƙaya da hannu tukuna, ko ta dafa shi sosai ta murje ta tace cikin miya.

Akwai kuma panla, merlu a Faransanci: dogo, mai farin nama marar mai, sau da yawa ba kai ake kawo shi. Shi ba ya ruɗa kowa.

Sunaye kuwa sai abin dariya. Titus asalinsa sunan wani kifin gwangwani ne da ake kawowa daga Maroko, sunan ya koma kan wani kifi dabam. A Gana wannan kifin ana ce masa salmon, a Benin salomon, alhali salmon na gaskiya wani kifi ne can mai jan nama. Kote a Benin silivi ne, a Togo akpala. Shawa a Sanagal yaboy ne. Har kapitan ma biyu ne: a Yamai in an ce kapitan ana nufin giwan ruwa na kogi, amma a bakin teku sunan wani kifi ne mai dogayen zare a ƙarƙashin wuya. Saboda haka suna kaɗai bai isa shaida ba. Ku ce a ba ku kifin a hannu, in da hali ku karanta rubutun kwali.

Maganar ba ta tsaya ga kuɗi ba, ta shafi lafiya. Ana daskarar da kifin nan a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma haka ya kamata ya zauna har ya iso. To, daga Kwatano zuwa Yamai ya fi kilomita 1000. A shekarar 2023 da aka rufe iyaka da Benin, kaya da yawa suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo. Wani kuma daga Legas yake bi ta Kano da Katsina. Ga zafin bazara, ga ɗaukewar wuta. In Titus ko shawa suka narke suka jima cikin zafi, ƙwayoyin cuta suna haifar da wata guba a namansu, sunanta histamin. Kifi mai farin nama irin panla bai cika yin ta ba. Wuta ba ta kashe wannan guba. Suya, dahuwa, banda, duk ba su raba kifi da ita. Wani lokaci ma kifin ba ya wari.

Wanda ya ci, cikin ƴan mintoci zuwa awa 2 zai ji yaji a baki ko da ba a sa barkono ba. Fuska da wuya su yi zafi, jiki ya yi ƙaiƙayi da borin jini, kai ya yi ciwo, wani ya yi amai da zawo. Mutane kan ce: "Kifi bai karɓe ni ba." In mutum uku ko huɗu a gida ɗaya suka kamu tare, ba jininsu ba ne, kifin ne ya lalace. A zubar da sauran, kada a ba yara.

Wajen saye ku danna bayan kifi. Ya kamata ya yi tauri kamar icce. Ku guji wanda cikinsa ya yi laushi ko ya fashe, da wanda gefen cikinsa ya yi rawaya, da kwalin da jan ruwa ya daskare a gindinsa, domin alama ce ya narke an sake daskarar da shi. Ku saya da safe, a cire hanji nan take, a dafa kafin rana ta take. Wanda ya narke kada a mai da shi firigo don gobe.

Ba don ku bar kifin teku muka faɗi wannan ba. Yana gina jikin yara da mata masu ciki, kuma yana da iyod, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo.

Yawancin waɗanda gubar ta kama suna warwarewa cikin yini guda, kuma akwai maganinta a gidan likita. Amma in numfashi ya yi wuya, ko leɓe da harshe suka kumbura, ko mutum ya ji jiri kamar zai faɗi, a kai shi nan da nan. Ku gaya wa ma'aikacin lafiya irin kifin da aka ci, da lokacin da aka ci shi, da mutum nawa suka ci.