Yadda Ƙaramin Inji Ya Fi Babba Ƙarfi, Kuma Ya Fi Shi Tsimin Mai

Idan ka buɗe bonet ɗin motar zamani ka ga ɗan inji mai silinda uku, za ka iya raina shi. To ka riƙe waɗannan alƙaluma. Motar Ford Model T da ta fito a Amurka a 1908 tana da inji mai lita 2.9, amma ƙarfinsa na doki 20 ne kacal. Injin EcoBoost mai lita 1.0 da kamfanin ya fitar a 2012 yana ba da fiye da doki 120. Girmansa kashi ɗaya cikin uku ne na wancan, ƙarfinsa kuwa ninki shida. Ko Peugeot 504 mai kafireta, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, injinta mai lita 2 bai kai doki 100 ba.

Daga ina wannan ƙarfin ya fito? Daga rage asara. Man da ka saya, ba dukansa ne ke juya taya ba. Idan ya ƙone a cikin silinda, mafi yawansa zafi yake zama: wani ya bi salansa ya fita, wani lagireto ya kwashe shi ya ba iska. Aikin injiniyoyi na sama da shekara ɗari shi ne ƙwato wani abu daga wannan zafin.

Babbar dabarar ita ce matsi. Kafin fulogi ya kunna wuta, fistan yana matse haɗin iska da mai. Iya matsewar, iya ƙarfin turin da fashewar za ta yi. Model T tana matse haɗin kamar sau 4 ne kawai. Injin Toyota mai lita 2.5 na Camry ta zamani yana matse shi sau 13, kuma yana mayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na makamashin mai zuwa aiki. Me ya hana mutanen da yin haka? Man ne ba ya jurewa. Idan aka matse shi sosai sai ya fashe da kansa ba a kan lokaci ba, injin ya riƙa ƙwanƙwasa, har fistan ya lalace. A 1921 masu bincike a General Motors suka gano cewa zuba sinadarin dalma a fetur yana hana wannan. Ya yi aiki, amma fa an biya da tsada, domin dalmar da ke fita ta salansa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Sai a 2021 aka daina sayar da irin wannan man ga motoci a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe. Yanzu ingancin tace mai da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar su ke wannan aiki.

Sai kuma awo. Fetur ya fi ƙonewa tsaf idan nauyin iska ya ninka nasa kusan sau 14.7. Kafireta kintace kawai take yi. Injekta kuwa kwamfutar mota ce ke ba ta umarni, bayan ta ji yawan iskar da ta shiga, da zafin inji, da ragowar iskar oksijin a salansa, tana gyara awon sau da yawa a kowane daƙiƙa. Turbo shi ma daga asarar yake ci: hayaƙin da zai fita a banza shi ke juya farfela, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda.

Za ka ce, to me ya sa har yanzu tankina ba ya daɗewa? Wani ɓangare na ribar ya tafi a kan nauyi. Motocin yau sun fi girma, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga ƙarafan kariya, mu kuma muna son motar da ke tashi da an taɓa totur.

Wani ɓangaren kuma a garejin bakanike yake zubewa. Da yawa idan an sayo motar Kwatano, shawarar farko ita ce a cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. A ganina wannan kuskure ne. An ƙera injin ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, kuma tamostat ne ke kai shi can da wuri ya riƙe shi. Idan babu shi, injin yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu ko a kan doguwar hanya, kwamfuta ta ɗauka yanzu aka tada shi, ta ci gaba da ƙara masa mai. Idan motarka tana zafi fiye da ƙima, a duba lagireto da fanka da famfon ruwa, in tamostat ɗin ne ya maƙale a sa sabo.