Rariyar Manganis da Litiyam ɗin Ruwan Gishiri

Kaso mai tsoka na litiyam ɗin da ake ƙera batiran waya da motocin lantarki da shi yana fitowa ne daga ƙarƙashin busassun tafkunan gishiri na Kudancin Amurka. A Atakama ta ƙasar Chile, ana zuƙo ruwan gishirin a baza shi cikin manyan kududdufai, a bar wa rana aikinta na wata 12 zuwa 18. Hanya ce mai araha, amma kusan rabin litiyam ɗin yakan salwanta, kuma ba ta jure ruwan da magnesiyam ya yi wa yawa. A Atakama magnesiyam ya ninka litiyam kamar sau 6, a Uyuni ta Boliviya kusan sau 20, a wasu tafkunan lardin Cinghai na ƙasar Sin kuwa ya haura sau 100. Inda abin ya kai haka, shanya ba ta iya raba su, domin tare suke zama cikin ruwan har ƙarshe.

Wannan matsalar ce ta ɗaga darajar rariyar manganis. A 1981 wani masani mai suna Hunter ya nuna cewa idan aka gasa manganis da litiyam suka zama baƙin gari, sannan aka wanke garin da asid, litiyam zai fice amma ginin garin ba zai rushe ba. Abin da ya rage shi ne ƙananan ramuka daidai girman ƙwayar litiyam. In aka zuba garin cikin ruwan gishiri, litiyam ne kaɗai yake komawa ramukan cikin sauƙi. Sodiyam da fotasiyam sun yi ƙato. Magnesiyam kuwa, duk da girmansa kusan ɗaya da na litiyam, yana riƙe ƙwayoyin ruwan da ke kewaye da shi ƙam-ƙam, don haka ba ya iya tuɓe su ya shige. Kenta Ooi da abokan aikinsa a Japan sun daɗe suna inganta garin, har suka ba da rahoto a 2001 cewa giram ɗaya nasa ya kama miligiram 40 na litiyam daga ruwan teku, ruwan da litiyam ɗin cikinsa bai kai kashi ɗaya bisa biyar na miligiram a lita ba.

Duk da haka, a ganina bai kamata a auna wannan gari da yawan abin da ya kama a karon farko ba. Ma'aunin gaskiya shi ne sau nawa zai yi aiki kafin ya mutu. Asid ɗin da ke kwance litiyam daga ramukan shi ne kuma yake cin manganis ɗin kansa. Kowane wanki ɗan kaɗan yake narkewa, amma masana'anta wanki ɗaruruwa take bukata, kuma abin da ya narke ya rage ramuka, ya kuma gurɓata ruwan da aka tace. Masu bincike sun rage ɓarnar ta hanyar sauya haɗin garin da lulluɓe shi da wasu sinadarai, sai dai duk abin da ya kare garin daga asid yakan toshe wasu ramukan.

Wani zai ce to a bar manganis mana, tunda garin alminiyam yana aiki a tafkin Hombre Muerto na Ajantina tun shekarun 1990, kuma da ruwa zalla ake wanke shi. Maganar tana da ƙarfi, domin shi ya sa alminiyam ya riga manganis shiga kasuwa. Amma abin da alminiyam ke kamawa kaɗan ne, yana cin ruwan daɗi mai yawa a hamadar da mazaunanta ke kukan ƙarancinsa, kuma ya fi son ruwan da gishirinsa ya yi kauri. Ruwan rijiyoyin mai da na teku, inda litiyam bai taka kara ya karya ba, suna bukatar abin da ya iya zaɓe, kuma a nan manganis ya yi masa fintinkau. Shi ya sa, don kauce wa ɓarnar asid, wasu masu bincike suka koma kwance litiyam daga garin manganis da wutar lantarki maimakon asid, kamar yadda ake cajin batir.