Abincin Majiyyaci Kafin Tiyatar Sauya Gaɓa da Bayanta

Tiyatar sauya gaɓa aiki ne da likitocin ƙashi ke yi na cire mahaɗar ƙugu ko ta gwiwa da ta lalace, su dasa ta ƙarfe da roba mai tauri a madadinta, fasahar da likitan Ingila John Charnley ya inganta a farkon shekarun 1960. Galibin masu buƙatarta dattawa ne da amosanin gaɓɓai ya cinye musu guringuntsi, sai kuma masu sikila, waɗanda kan ƙashin cinyarsu kan mutu saboda toshewar hanyoyin jini. A asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, hankalin dangi yakan tafi ga kuɗin aiki da ƙwarewar likita, alhali warkewar majiyyaci ta dogara ƙwarai a kan abin da yake ci tun makonni kafin a shiga da shi ɗakin tiyata.

Dalili kuwa shi ne, jiki yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina tsoka da ɗinke rauni, fiye da yadda ya saba. Idan ya yi ƙaranci, rauni yakan ƙi haɗewa, ƙwayoyin cuta su samu kafar kai wa ga ƙarfen da aka dasa, lamarin da kan tilasta a sake buɗe gaɓar. Likitoci kan gano wannan ƙaranci ta awon albumin, wani furotin da hanta ke sarrafawa, wanda idan ya gaza giram 3.5 a kowace desilita ta jini ake ɗaukarsa alamar haɗari. Ƙiba ba shaidar ƙoshin abinci ba ce, domin mai cika ciki da tuwo da shinkafa kaɗai yana iya yin teɓa alhali tsokarsa ta zube.

Masana abinci kan ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin a kullum ga kowane kilo na nauyin jiki, wato giram 72 zuwa 90 ga mai kilo 60, a rarraba shi cikin yini ta hanyar wake, ƙwai, kifi, nama, kindirmo, awara da gyaɗa, sai dai mai ciwon ƙoda, wanda likita ne zai ƙayyade masa. Maganar da wasu ke yi cewa ƙwai ko madara na sa rauni ruwa ba ta da tushe. Hanta, zogale da alayyafo suna taimaka wa jini, amma mai sikila ba ya shan ƙwayoyin ƙarin jini sai an gwada shi, saboda sinadarin ƙarfe da ke cikinsu kan taru a jikin wanda aka sha yi wa ƙarin jini. Haka nan mai ciwon sukari sai ya daidaita sukarinsa kafin aiki, a kuma sanar da likita duk wani jiƙo ko gari na gargajiya da ake sha, domin wasunsu na hana jini daskarewa.

A ranar aiki, ƙa'idar da aka fi bi ita ce barin abinci awa 6 kafin a ba da maganin barci, ruwa zalla kuma awa 2, sai idan likita ya faɗi akasin haka. Bayan an fito, ana so a koma cin abinci da wuri, a yawaita ruwa, ganye da 'ya'yan itace, saboda magungunan kashe zafi masu ƙarfi kan jawo taurin bayan gida. Ya kamata duk iyalin da aka sa wa majiyyacinsu ranar tiyata su nemi a yi masa awon jini, su kuma gana da jami'in abinci na asibiti tun a makon farko.