Kafin Ka Ƙara wa Furosesa Wuta a Zafin Legas

Samarin da ke haɗa bidiyon biki a Idi-Araba da Agege kukansu ɗaya ne: kwamfuta tana nawa, ga mai biki yana ta kira. Ba a jimawa sai wani ya ce, "Malam, shiga BIOS ka ƙara mata gudu mana." Ana iya yi, in furosesar mai karɓa ce, kamar na Intel masu harafin K a kan madabod mai harafin Z, ko yawancin Ryzen na AMD. Dukkansu ana samu a Otigba, cikin Computer Village ta Ikeja.

Sai dai gudu yana tafe da yunwar wuta. Idan furosesa ta fara tuntuɓe, allo ya koma shuɗi, sai a ƙara mata ƙarfin wutar da BIOS ke kira Vcore, kuma a nan ake yin ɓarna. Zafi ba ya hawa daidai da wuta, gaba yake yi. Daga bolt 1.25 zuwa 1.40 ƙarin kashi 12 cikin ɗari ne, amma zafi zai ƙaru da kusan kashi 25, tun ba a taɓa gudun ba.

Ni dai ba na kwafar lambobin masu koyarwa a YouTube. Da yawansu cikin ɗaki mai sanyi suke gwaji, ni kuwa shagona a watan Maris, ga rufin kwano, ga janareta a bakin ƙofa, fanka iska mai zafi take hura wa na'ura. Furosesa biyu masu lamba ɗaya ma ba sa cin wuta daidai.

Wuta kamar gishiri take a miya, kaɗan-kaɗan ake sawa ana ɗanɗanawa. Nakan ƙara bolt 0.01, in kunna manhajar gwaji ta Cinebench ko Prime95, idona yana kan zafin da manhajar HWiNFO ke nunawa. Yawancin furosesar Intel na yanzu sai sun kai digiri 100 suke rage gudu da kansu, amma da na ga 85 nake ja da baya. Don aikin yau da kullum ba na wuce bolt 1.35. Wannan iyakata ce, ba dokar kamfani ba.

Masu ƙera su ma sun ji jiki. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D suka ƙone har da mazauninsu a madabod, AMD ta ƙayyade wutar ɓangaren SoC a bolt 1.3. A 2024 Intel ta amsa cewa wuta fiye da kima tana lalata wasu furosesarta na zubi na 13 da na 14, ta fitar da gyara, ta ƙara musu garanti na shekara biyu. Irin wannan lalacewa ba ta warkewa. Yau kwamfuta lafiya, bayan watanni ta fara mutuwa tsakiyar aiki.

Kafin komai a kakkaɓe ƙura, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, a haɗa UPS, musamman in za a sabunta BIOS, don ɗaukewar wuta a lokacin tana iya kwantar da madabod. Idan an yi saiti kwamfuta ta ƙi tashi, a zare ta daga soket, a cire ƙaramin batirin CR2032 na 'yan mintuna, saitin kamfani zai dawo.

Tawa furosesar yanzu rage mata wuta na yi maimakon ƙari. Ta daina kaiwa zafin da ke sa ta ja birki, bidiyo mai tsawo kuma yana fita ba tare da gudu ya faɗi ba.