Farin Sifrus, Bishiyar Dazukan Kanada

Tun daga Alaska har tsibirin Newfoundland a gabashin Kanada daji ne guda a miƙe, kuma farin sifrus na cikin bishiyoyin da suka fi yawa a cikinsa. Masana na kiransa Picea glauca. Tsayinsa kan kai mita 15 zuwa 30, ƙasansa da faɗi, samansa da tsini, kuma ba ya kaɗe ganye ko da ƙanƙara ta yi watanni a ƙasa. Ganyen ma gajerun allurai ne masu kusurwa huɗu, kore mai ɗan shuɗi-shuɗi. In ka murza su da yatsa, wari za ka ji, ba ƙamshi ba.

Juriyar sanyi ce jarinsa. Yana tsallake hunturun da ma'aunin zafi ke sauka digiri 50 ƙasa da sifili, shi ya sa ake samunsa har bakin iyakar da bishiya ba ta ƙara tsirowa a arewa. Ya fi son ƙasa mai laima wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, musamman gefen koguna, kuma yana ƙarami yakan yi shekaru a inuwar wasu bishiyoyi yana jiran sarari. Amma yana da lago: saiwarsa ba ta nitsewa sosai, guguwa kan tumɓuke shi, ɓawonsa kuma siriri ne, gobarar daji ba ta barinsa da rai.

Katakonsa fari ne, mara nauyi, ga daɗin fafarewa. Da shi ake kafa gidajen katako a Kanada, ana kuma niƙa shi a yi takarda, domin zarensa dogo ne mai ƙarfi. Masu ƙera jita da fiyano ma suna nemansa. Abin da ya fi burge ni dai shi ne hikimar mutanen asalin ƙasar: sukan haƙo siraran saiwoyinsa, su tsage su, su ɗinke kwalekwalen ɓawon itace da su, sannan su narka ƙaronsa su toshe kafofin ɗinkin don kada ruwa ya shiga.

Manoman filayen Kanada kan jera shi layi-layi a gefen gona don ya tare iska, aikin da darbejiya ke yi a yankunanmu na Sahel. Lardin Manitoba ma ya ɗauke shi a matsayin bishiyarsa ta hukuma. Babbar abokiyar gabarsa wata tsutsa ce mai cin sabon toho, wadda in ta ɓarke takan yi shekaru tana cin daji har bishiyoyi su bushe a tsaye.