Ko Ka Sani? Kwamfutar da Windows Ta Sallama Ba Ta Mutu Ba

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita suna kunnuwa kamar kullum, sai dai duk wata kafar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, ba mai toshe ta, in ba ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ba. Windows 11 kuwa da sharaɗinta ta zo: sai kwamfuta tana da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma galibi sai ƙirar wajen 2018 zuwa yau. Ɗimbin laftof na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sun girmi haka, alhali ƙarfensu lafiya lau yake.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kwamfuta daban, babbar manhajar da ke tafiyar da ita daban. Ana iya cire Windows a sa wata, kuma akwai wadda ko sisi ba a biya. Sunanta Linux.

A watan Agusta na 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta wata manhaja don sha'awa kawai. Abin da ya rubuta shi ne zuciyar tsarin, wato sashen da ke magana kai tsaye da ƙarfen kwamfuta, yana raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa. Sauran kayan aikin sun riga sun samu daga shirin GNU, wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983. A 1992 Torvalds ya sa aikinsa ƙarƙashin lasisin GPL, kuma nan ne sirrin yake. Lasisin ya ba kowa damar kwafa, da karanta asalin rubutun manhajar, da sauya shi yadda ya ga dama. Sharaɗi guda ne: in ka raba wa jama'a abin da ka gyara, dole ka buɗe musu naka rubutun su ma. Saboda haka wanda ya ba ka Linux a filas bai yi satar fasaha ba, saɓanin Windows ɗin da wasu masu gyara ke ɗora wa mutane ba lasisi.

In wayarka Android ce, Tecno ko Samsung ko Infinix, ai ka daɗe da Linux a aljihu, domin a kan zuciyarta aka gina Android. Tun watan Nuwamba na 2017 kuma, dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Wuri ɗaya ne ya gagare ta: teburin ofis da na gida.

Linux ba iri ɗaya ba ce. Akwai Debian tun 1993. Akwai Ubuntu, wadda attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da ita a Oktoba na 2004. Duk shekara biyu, a watan Afrilu, ake fitar da bugun Ubuntu mai kulawar shekara biyar. Sai Linux Mint, wadda na fi ganin ta dace da sabon shiga, don fuskarta ta yi kama da abin da mai Windows ya saba gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne ana ɗanɗanawa kafin a yanke shawara. Ka sauke fayil ɗin Linux Mint, wajen gigabait uku, ka rubuta shi a kan filas da 'yar manhaja irin Rufus. Ka kashe kwamfutar, ka soka filas ɗin, ka kunna kana danna F12 in Dell ce, ko F9 in HP ce, ka zaɓi filas. Cikin 'yan mintoci sabuwar fuska za ta bayyana, kuma ba a taɓa komai a ma'ajiyar kwamfutarka ba. A nan za ka duba ko tana kama Wi-Fi, ko sauti yana fita, ko ta gane firintarka. Ka leƙa jerin kibod ma, akwai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. In ba ta yi maka ba, ka kashe, ka zare filas, Windows ta dawo yadda ka bar ta.

To me ya hana mutane ƙaura? Birnin Munich na Jamus ya gwada. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Linux, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka da kansa ya je wajen magajin gari Christian Ude. Zuwa 2013 an sauya kwamfutoci wajen 15,000. A 2017 kuma majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ƙorafin da aka fi yi shi ne takardun da ke zuwa daga wasu ma'aikatu a tsarin Microsoft, da kuma manhajojin aiki na musamman da ba su san kowa ba sai Windows. (Shekara guda kafin nan Microsoft ya kai hedkwatarsa ta Jamus cikin birnin, abin da ya sa har yau wasu ke ganin akwai lauje cikin naɗi.)

Jandarmomin Faransa sun bi ta wata hanya. Sun fara sauya manhajar rubutu zuwa OpenOffice a 2005, suka sabar wa ma'aikata da manhajar shiga intanet ta Firefox, duk a kan Windows. Sai a 2008 suka soma ɗora Ubuntu. Lokacin da babbar manhajar ta sauya, kayan aikin yau da kullum ba baƙi ba ne ga kowa, kuma dubun-dubatar kwamfutocinsu suna kai har yanzu. A ganina bambancin ke nan. Mutum ba Windows yake ƙauna ba, Word ɗinsa da fayilolinsa yake tsoron rasawa. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da sauya kwamfutoci kusan 30,000, ita ma da manhajar rubutu ta LibreOffice ta fara.

Mai son ƙaura zai iya kwaikwayon jandarmomin: ya sa LibreOffice a kan Windows ɗinsa, ya buɗe tsofaffin takardunsa ya ga ko jadawali ya karkace ko shafi ya goce, don hakan na faruwa. Kafin ya ɗora Linux kuwa, lallai ya kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri, domin zaɓi ɗaya a lokacin ɗorawa yana share ma'ajiyar ƙarƙaf.

Ɗalibi mai rubuta kundin digiri, ko ɗan kasuwa mai lissafi da aika saƙo, da wuya ya rasa wani abu. Amma mai shagon buga katin biki da kalanda, wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop, ya yi hattara: manhajojin biyu ba su da bugun Linux a yau. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, suna aiki sosai, sai dai hannu zai sake koyo, kuma abokin ciniki da fayil ɗin Corel zai zo. Irin wannan sai ya raba ma'ajiyar gida biyu, Linux a gefe, Windows a gefe, duk lokacin da ya kunna ya zaɓi wadda aikin ranar ke bukata.